Dutsen da Yunusa Mai Tifa Ya Juye

Duk wanda ya tashi tsakanin Nguru da Gashuwa ya san ƙasar ba ta da dutse. Yashi ne da laka, sai ruwa in damina ta zauna. In faɗa ya kaure tsakanin 'yan kasuwa, sai dai a jefi juna da ƙwallon goruba. Matar da ke son dutsen niƙa kuwa sautu take bayarwa wajen mai tafiya Kano.

A wannan ƙasa aka haifi Yunusa, a Dagona, cikin gidan masunta. Kakansa masunci, ubansa masunci, shi kuwa da zarar ya hau kwalekwale sai jiri ya kwashe shi, ya kwanta a kan taru yana amai. Ubansa ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya jiƙa masa saiwoyi, daga baya ya haƙura ya ce, "Wannan ba na ruwa ba ne. Ku bar shi ya nemi tudu." Yana da shekara goma sha bakwai ya tafi Gashuwa ya shiga mota. Ya wanke ta, ya kwana a ƙarƙashinta, ya sha zagin direbobi har ya iya tuƙi. Da ya kai talatin aka damƙa masa tifa.

Aikin tifa a ƙasar da ba dutse aiki ne da ba ya yankewa. Duk mai zuba kankare, duk mai gina kwalbati, sai an ɗauko masa tsakuwa daga nesa. Haka Yunusa ya san hanyar Haɗeja zuwa Dutse, da Birnin Kudu, da Bauci har Jos. A waɗannan hanyoyi ne ya kamu da abin da abokan aikinsa suka kira ciwonsa. In ya hango wani ƙaton dutse zaune a kan ƙarami, ya ɗan karkace kamar yanzu zai gangaro amma bai gangaro ba, sai ya taka birki. Ya sauko, ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya sa kafaɗa ya tura. Yakan ɓata rabin awa a haka, kaya na jira.

In ya dawo Gashuwa ya ba da labari a majalisa, sai a yi ta dariya.

"Dutse kan dutse, babba a kan ƙarami, kuma ba siminti? Yunusa, ka dai rage shan shayin tasha."

Matarsa Mairam ma, mai sayar da bandar kifi a cikin gida, cewa take, "Baban Nuraini, in ka ga dutsen nan gobe, ka tambaye shi ko yana da ƙaramin ƙane, nawa na niƙa ya cinye."

A bazarar shekarar dubu biyu da uku wani ɗan kwangila ya samu aikin tare gaɓar kogi a Gashuwa, don ruwa ya daina cin unguwa. Ya ce ba tsakuwa yake so ba, manyan duwatsu yake so. Aka loda wa Yunusa guda uku a wurin fasa dutse, da motar ɗaga kaya, har tifa ta durƙusa. Ya taho a hankali, ya wuce Haɗeja, ya wuce Nguru. Bai kai Jajimaji ba, da tsakar rana, tayoyin baya biyu suka fashe lokaci guda. Mai facin da aka ɗauko daga Nguru ya dubi kayan ya ce ko aljani ba zai ɗaga motar nan da jak ba, sai an sauke. Yunusa ya lallaɓa ta da baya zuwa gefen titi, ya ja ƙarfe, bodin tifa ya ɗaga.

Na farko ya faɗo ya nutse rabi a yashi. Na biyu ya mirgina gefe. Na uku, wanda ya fi su girma, ya zame a hankali ya hau kan na farko, ya yi gaba, ya yi baya, sai ya tsaya cak, cikinsa ya fito ta ko'ina, abin da ya taɓa na ƙasan bai wuce faɗin faranti ba.

Yunusa ya tsaya riƙe da baki. Mai faci ya ce, "Direba, zo ka kama mini taya, rana na yi."

Ɗan kwangilar bai aiko an kwashe duwatsun ba. An dai yi bikin fara aiki a bakin kogi, an yanka ƙyalle, an ci shinkafa. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Mai facin ya koma garinsu, can kudu. Duwatsu suka zauna.

Shekara goma ba wanda ya kula da su sai awaki da makiyaya masu neman inuwa. Fasinjan da zai sauka a ɗan ƙauyen da ke kusa, Garin Abbagana, yakan ce wa direba, "A sauke ni a Dutse," don ba wani dutse da za a rikita shi da shi. Yunusa in ya zo wucewa sai ya danna ham sau biyu ya wuce.

Wayar hannu mai hoto ce ta tayar da maganar. Samari masu babura suka fara tsayawa suna ɗaukar hoto, wannan ya yi kamar shi ya tallafe shi da hannu, wancan ya yi kamar ya ɗauke shi a ka. Hotuna suka yi yawo har suka faɗa hannun Malam Zarami, tsohon malamin makaranta a Nguru, wanda ya ajiye aiki ya rasa wanda zai riƙa yi wa bayani. Cikin wata guda ya kafa ƙungiyar raya tarihi da yawon buɗe ido, shi ne shugaba, shi ne sakatare. Ya tafi wajen Bulama Abbagana, mai garin, da littafi da biro, ya tambaye shi tun yaushe dutsen yake nan.

Bulama ya girmi duwatsun a wurin da shekara hamsin, kuma a gonar ƙanensa aka juye su. Amma bai taɓa ganin wani ya zo da biro don ya rubuta maganarsa ba. Ya gyara zama, ya ce shi dai ya ji kakansa a nan yake ɗaure doki.

Daga doki aka samu maharbi. Daga maharbi aka samu wata macijiya da ke fitowa shekara-shekara. Kafin damina ta zagayo, Malam Zarami ya buga ɗan littafi mai shafi goma sha biyu, aka kuma kafa allo a bakin titi: DUTSEN AL'AJABI, IKON ALLAH, YA HAURA SHEKARA DUBU BAKWAI.

Ran da Yunusa ya ga allon, sai da ya haɗa baƙaƙen sau biyu, don bokonsa na yaƙi da jahilci ne. Ya kashe mota ya sauko. Ya tarar da Malam Zarami yana yi wa wasu baƙi bayani da sanda.

"Malam, sannu da aiki. Dutsen nan fa ni na juye shi."

Malam Zarami ya dube shi ta saman tabarau. "Kai wa?"

"Yunusa, direban tifa. Daga wajen Dutse na ɗauko shi. Taya ce ta fashe mini."

"To madalla. In ka gama da wannan sai ka gaya mana ranar da ka haƙa kogin Yobe."

Baƙi suka kwashe da dariya. Yunusa ya koma mota kunnuwansa na zafi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, mutanen da suka shekara ashirin suna ƙaryata shi a kan duwatsun da Allah ya ɗora, su ne yanzu suke cika mota daga Gashuwa suna zuwa kallon wanda tifa ta zubar.

Ya kai ƙara wajen Mairam. Ta ci gaba da jera kifi a kwali, ta ce, "To in naka ne, je ka ɗauke abinka mana." Bayan sati biyu matan unguwarsu suka yi hayar mota, ta bi su. Ta dawo da hoto a waya, ta dafa dutsen tana murmushi.

"Baban Nuraini, ni fa da na taɓa shi sai na ji wani sanyi ya ratsa ni."

"Inuwa ce, Mairam."

"Kai dai ba ka son abin arzikin ƙasarku."

Nan da nan dutsen ya samu masu shi. Mutanen Nguru suka ce Dutsen Nguru ne, tunda shugaban ƙungiya nasu ne. Mutanen Gashuwa suka ce sun fi kowa zuwa kallo, saboda haka nasu ne. Mutanen Jajimaji suka ce a yi ta surutu, ƙasar dai tasu ce. Wani matashi ya auna nisan da mitar babur daga kowane gari, aka ce mitarsa ta lalace. Don a raba gardama aka shirya bikin ƙaddamarwa, da rumfuna da kujerun roba da lasifika, aka gayyaci kowa.

Yunusa ya sa farar riga ya je. Ya zauna tun hantsi yana jin jawabai. Wani ya ce nan da shekara biyar Turawa za su riƙa sauka da jirgi. Wani ya ce a gina otal. Wani ya nemi a kafa kwamitin da zai duba yiwuwar gano wasu duwatsun a yankin. Da aka ce ko akwai mai ƙarin bayani, Yunusa ya miƙe, aka ba shi makirfo don ganin furfurarsa.

"Jama'a, assalamu alaikum. Ni ban yi karatu ba, amma wallahi dutsen nan a bayan motata ya zo. Ranar Talata ce. Bulama yana nan, shi ya aiko mana da ruwan sha."

Bulama ya sunkuya yana gyara takalmi. Mai lasifika ya zare waya. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce 'yan adawa ne suka turo shi. 'Yan Nguru suka ce ai daga Gashuwa yake, hassada ce. 'Yan Gashuwa suka ce asalinsa ɗan Dagona ne, ba su san da shi ba. Aka raka shi bakin titi cikin girmamawa, aka sa masa kwalbar lemo a hannu.

Maganar tasa dai ta bar ƙura, don haka Malam Zarami ya yanke shawarar kawo masani ya rufe bakin kowa. Ya rubuta wa wata jami'a wasiƙa har sau huɗu. A ƙarshe aka turo Dakta Radiyya, malamar ilimin duwatsu, 'yar siririya mai takalmin maza da ƙaramar guduma a jaka. Yunusa ya ji labari a tasha, ya riga ta zuwa, ya tsaya daga nesa.

Ba ta yi minti goma ba. Ta zagaya, ta ƙwanƙwasa, ta durƙusa ta sa yatsa a wasu ramuka guda uku da ke jere a gefen na saman, waɗanda littafin Malam Zarami ya ce sawun mashin maharbi ne.

Ta ce, "Malam, dutsen tsoho ne ƙwarai. Irinsa yakan kai shekara miliyan ɗari biyar."

Malam Zarami ya rubuta har biro na huda takarda.

"Amma ba a nan ya yi su ba. Waɗannan ramukan injin huda dutse ne, inda ake cusa nakiya. Fasa shi aka yi, aka kawo shi. Nan ƙasar in za ka haƙa, sai ka gaji ba ka tarar da irinsa ba."

Biro ya tsaya. Malam Zarami ya yi mata godiya, ya ce a kawo wa Dakta abinci.

Tana shirin shiga mota Yunusa ya matso. "'Yata, ni na kawo shi."

Ta dube shi, ta dubi dutsen. "Baba, da me ka ɗora?"

"Ban ɗora ba. Zamewa ya yi."

Ta yi dariya har ta dafa mota. Sai ya tambaye ta abin da ya daɗe yana cinsa: su waɗancan na hanyar Jos, wa ya ɗora su? Ta tsuguna ta zana masa a yashi. Ta ce asali dutse ɗaya ne, sai ya tsattsage. Ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin gefe-gefe tun yana binne a ƙasa, shekaru ba iyaka, har kusurwoyin suka zama mulmulallu. Daga baya ruwan sama ya wanke ƙasar da ta rufe su, aka bar masu taurin a zaune, wani kan wani, yadda suke tun farko.

"Ashe ba hawa ya yi ba," in ji Yunusa. "Na kewaye da shi ne suka tafi suka bar shi."

"Haka ne, Baba."

Ya lissafa mata wuraren da ya ga irinsu, tana rubutawa, har da guda biyu da ta ce ba ta san da su ba. Ranar ya koma Gashuwa yana tuƙi yana waƙa, abin da bai yi ba tun yana saurayi.

Bayan sati uku ya zo wucewa ya tarar an sake fentin allo: MASANA SUN TABBATAR, SHEKARA MILIYAN ƊARI BIYAR. Bai tsaya ba.

Ya ajiye tuƙi da idonsa ya fara hazo. Ya koma zama a ƙofar gida yana taya Mairam ɗaure kwalayen kifi. A daminar dubu biyu da ashirin da biyu, wadda ruwa ya yi yawa har hanyoyi suka yanke, yashin da ke ƙarƙashin dutsen ƙasa ya zaizaye. Ya karkata, na sama ya sulale ya kwanta a gefensa kamar saniya mai tuƙa.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, aka yi sallama a ƙofar Yunusa. Malam Zarami ne da Bulama Abbagana. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka jajanta ruwa, aka sake tambayar iyali. Sai Malam Zarami ya yi gyaran murya, ya kira shi da "Ba", yadda Barebari ke girmama dattijo.

"Ba Yunusa, ka ji abin da ya same mu."

"Na ji. Allah ya kiyaye gaba."

"To, mun samo motar ɗaga kaya daga masu gyaran titi. Sai dai direbanta ya ce bai san ta inda zai kama ba. Muka ce, ai akwai dattijo a Gashuwa da ya san harkar dutse."

"Wane dutse na sani, Malam? Ni da ban kai shekara miliyan ba."

Malam Zarami ya cire tabarau ya goge. Bulama ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Ba Yunusa, Talata ce. A ƙwarya na aiko muku da ruwan. Amma don Allah maganar ta tsaya a tabarmar nan. Mata goma sha ɗaya ke sayar da abinci a wurin."

Yunusa ya gyara zama. Ya so ya ji daɗi fiye da yadda ya ji. Daga cikin gida Mairam, wadda ba a san tana saurare ba, ta ɗaga murya, "Ka je mana. Me kake yi a nan in ban da karya mini kwali?"

Ya je. Aka kewaye wurin da zana, aka ce ana binciken kimiyya. Kwana uku Yunusa yana nuna inda za a sa sarƙa, ana ɗagawa, ana saukewa, dutse na sulalewa. An juya shi ta kowace fuska, ya ƙi zama. Ran na uku da la'asar ya zauna a yashi ya ce, "Ni fa na gaya muku, ko wancan karon ba ni na yi ba." Aka kira birkila. Ya kafa rodi biyu a ramukan nakiya, ya cika tsakanin da kankare, ya shafe da laka don kada a gane. Da aka yaye zana jama'a suka yi kabbara. Wasu suka ce har ya fi da kyau.

Yunusa bai sake maganar dutsen a majalisa ba. Sai dai bayan sallar layya ya ce wa Mairam ta shirya, zai kai ta wani wuri kafin idonsa ya ƙarasa. Ɗansu Nuraini ya sa su a mota. Suka kwana a Bauci wajen 'yar uwarta, washegari suka hau hanyar Jos. A wani kwana da ya sani tun yana matashi ya roƙi direba ya tsaya. Ya kama hannunta suka taka cikin ciyawa har gindin wani tsauni, inda wani dutse mai girman ɗaki yake zaune a kan ɗan mitsitsi, sama da shi kuma wani, duk ba abin da ya riƙe su.

Shi hazo-hazo yake gani, amma ya san kowane gefe nasa. Ya ce, "To, ga shi."

Mairam ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ja baya kaɗan, ta gyara mayafi.

"Babba ne kam. Amma ba allo, ba rumfa, ko mai sayar da ruwa babu. Mutanen nan ba su san darajar abu ba."

Direba ya danna ham. A hanyar komawa mota ta tsaya wajen wasu mata ta yi cinikin dankalin Turawa, ta ce na nan ya fi na Gashuwa sauƙi, ta ɗora wa Yunusa buhun a ka.